Hunturu ya wuce ba dusar ƙanƙara: ina zan samu wurin zamiya a Norwe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Oslo. Bana na sayi allunan zamiya da sanduna da niyyar koyon zamiyar dogon zango, wadda mutanen nan ke kira langrenn, sai hunturun ya zo da ƙarancin dusar ƙanƙara. Ga watan Maris ya kusa ƙarewa, hanyoyin da ke kusa da mu duk sun zama laka. Shin in haƙura sai baɗi, ko akwai inda zan je?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ɗaure kayanka tukuna, da sauranka.

Abin da kake gani a bakin gari ba shi ne halin da tuddai ke ciki ba. Duk mita 100 da mutum ya hau, sanyi kan ƙaru da kusan digiri 0.6, wato wurin da ya kai mita 1,000 yakan fi bakin teku sanyi da kusan digiri 6. Sau da yawa ruwan da ya jiƙa ku a Oslo cikin Janairu, a can sama dusar ƙanƙara ce ta sauka. Saboda haka a ƙarshen hunturu tudu ake nema.

Ka fara da na kusa. Ka hau jirgin ƙasa na cikin gari, layi na 1, har tasharsa ta ƙarshe a Frognerseteren, ka kutsa cikin dajin Nordmarka. Can arewacinsa, da gangaren da ba ya fuskantar rana, su suka fi riƙe ƙanƙara. Ƙungiyar masu zamiya ta Skiforeningen ce ke gyaran da yawa daga cikin hanyoyin dajin, kuma tana sanar da waɗanda aka gyara. Ka duba kafin ka fito. Akwai kuma shafukan intanet da ke nuna lokacin da motar gyara ta bi ta kowace hanya a wurare da dama na ƙasar.

In dajin ya ƙi, shawarata ita ce Sjusjøen. Jirgin ƙasa zai kai ka Lillehammer cikin sa'a biyu da ɗoriya, daga nan ka shiga bas. Wurin ya haura mita 800, hanyoyinsa a gyare suke, da yawansu kuma ba su da hawa mai tsanani, abin da mai koyo ke bukata ke nan. Beitostølen, wani ƙauyen kan tudu, ma haka yake wajen tsayi da gyararrun hanyoyi. Za ka ji ana yabon Finse, tashar jirgin da ke kan layin Bergen a tsayin mita 1,222, inda ake tseren Skarverennet a ƙarshen Afrilu. Ƙanƙara kam akwai ta. Amma fili ne fetal ba bishiya, in iska ta taso da hazo ba ka bambanta sama da ƙasa. Rassan itacen da DNT, ƙungiyar masu yawon tsaunuka ta Norwe, ke kafawa don nuna hanya suna taimako, sai dai wurin yana son alluna masu faɗi da bakin ƙarfe, da abokin tafiya wanda ya san dawa. Ban yarda ka je kai kaɗai ba.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ta fi zaɓen wuri muhimmanci. Ƙanƙarar wannan lokaci da rana take narkewa, da dare ta sake daskarewa. Da sassafe za ka tarar da hanya ta yi tauri tana ƙyalli, allo na ƙara a kanta, mai koyo in ya faɗi sai ya ji a ƙashinsa. Da hantsi, bayan rana ta ɗan taɓa ta, samanta kan yi laushi ƙasanta na nan da ƙarfi, lokacinka ke nan. Bayan azahar kuwa ta zama caɓi, ƙafa na nutsewa, allo na riƙewa. Ka duba shafin hasashen yanayi na Yr tun da yamma: in sanyin dare bai kai na daskarewa ba, kada ka sa ran hanya mai daɗi washegari.

Irin wannan ƙanƙara ba ta jin kakin da ake shafa wa allo a tsakiyar hunturu. Wani man ake sawa mai suna klister, mai danƙo kamar ƙaro, yana kama safar hannu da riga da duk abin da ya taɓa. In allunanka masu ɗan gashi ne a ƙasa, ka huta da wannan wahala.

Ga abin da nake roƙonka a kai. Shekarar da ƙanƙara ta yi ƙaranci, duwatsu da saiwoyi na kusa da sama, ga rafuka na gudu a ƙarƙashin farin da kake ganin kamar ƙasa ce. Kada ka yanke ta kan tafki don ka ga sawun wasu, sawun na iya zama na makon jiya. Tafkunan da ake jan ruwansu don wutar lantarki sun fi haɗari, domin ruwa na sauka ƙanƙarar bakin gaɓa na tsagewa. Shafin Varsom na bayar da gargaɗi kan ƙanƙarar tafkuna da zaftarewarta daga tsauni. Ka sa tabarau mai duhu kuma, baƙar fatarmu ba ta kare ido daga hasken da ƙanƙara ke mayarwa.

In duk wannan bai yiwu ba, akwai SNØ a Lørenskog, kusa da ku, zauren ƙanƙara da aka buɗe a 2020, ana zamiya a cikinsa duk shekara. Ya ishe ka koyon tsayuwa da tura sanda. In kuwa tudun ka zaɓa, ka kauce wa makon Ista, lokacin da jama'a ke tururuwa zuwa tsaunuka, masauki ya yi tsada, kujerar jirgi ta yi wuyar samu. Makon da ya biyo baya ya fi sauƙi, sai dai ka tambayi masaukin ko har yanzu ana gyaran hanya kafin ka biya kuɗi.