Amsa kan cokalin da ya fi mota tsawo

Malam, ka tambayi me ya sa mutum zai ƙera cokali ƙato ya kafa a fili, ya ce fasaha ce. Cokalin da ka gani a hoto aikin mai fasaha Claes Oldenburg ne da matarsa Coosje van Bruggen, an kafa shi a Minneyapolis ta Amurka a 1988: cokali mai tsawon sama da mita 15, da jan ɗan itace a bakinsa yana fesa ruwa. Tun 1976 Oldenburg ya tsayar da abin maƙale shanya na ƙarfe, kusan mita 14, a Filadalfiya.

Dabarar ita ce, abin da hannu ya saba da shi ido ba ya ganinsa. Sau nawa ka tsaya ka kalli ludayin gidanku? Amma a kafa shi ya kai tsawon bene a bakin Kasuwar Dole ta nan Damagaram, wallahi sai jama'a sun taru suna duba lanƙwasar wuyansa.

Kuma tunda ba siffar mai rai ba ce, ba na jin za a yi gardama a kansa a nan Damagaram. Ni dai turmi da taɓarya zan zaɓa. Maƙeranmu da masu walda za su iya, kuɗin ƙarfen ne matsalar.