Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Hanoi

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin karatu a Hanoi, amma wani ya tsorata ka cewa a Biyetnam gwamnati ce ke rubuta tarihi, ɗalibi kuwa nasa hadda. Bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ka.

'Yata tana aji huɗu a makarantar gwamnati a nan Biyetnam. Kullum da jan ƙyalle a wuya take tafiya, ran Litinin kuma su jeru a fili a ɗaga tuta. Sama da allon ajinsu ga hoton Ho Chi Minh, jagoran gwagwarmayar 'yancinsu, wanda suke kira Bac Ho, wato Baffa Ho, da nasihohinsa biyar. Ta farko ita ce son ƙasa da 'yan ƙasa. Ta haddace su kafin ta kai Sabbi, har yau uwarta na yi mini gori.

Zare ɗaya tarihin nasu yake bi: baƙo ya mamaye, jama'a ta haɗa kai, aka kore shi. 'Yan'uwa mata biyu na gidan Trung sun yi wa Sin bore a shekara ta 40. Ngo Quyen ya kafa turaku a kogin Bach Dang a 938 ya farfasa jiragen Sin. Sai Faransa da suka ci da yaƙi a Dien Bien Phu a 1954, sai 30 ga Afrilu 1975, ranar da yaƙin Biyetnam ya ƙare. Abin da muke cewa yaƙin Biyetnam, su yaƙin tirjiya ga Amurka suke ce masa. Kuma kada ka ɗauka dole ce kawai, suna son abinsu. A 2022 da ma'aikatar ilimi ta so mayar da tarihi darasin ganin dama a aji 10 zuwa 12, sai da aka yi mata ca ta janye, ya koma wajibi, darasi 52 a shekara. Mu a Najeriya da aka cire shi daga manhaja shekara da shekaru, mutum nawa suka ce uffan?

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da aka tsallake. Maƙwabcina dattijo ya yi yaƙin kan iyaka da Sin a Lang Son a 1979. Wata rana muna shan shayi ya ɗauko tsohon littafin tarihi na makarantar jikansa, ya ɗora yatsa kan 'yan layukan da aka ba yaƙin, ya rufe bai ce komai ba. Labarin ƙwace gonakin masu ƙasa ana raba wa manoma a 1953 zuwa 1956, da na waɗanda suka tsere daga ƙasar ta teku bayan 1975, a gidaje za ka ji su, in an saba da kai.

A jami'a 'yan ƙasa suna ɗaukar falsafar Marx da Lenin, tunanin Ho Chi Minh da tarihin jam'iyyar Kwaminis mai mulki, don haka ka tambayi sashenku ko suna cikin kwasa-kwasanka. Tambaya a aji ba laifi in da ladabi. Facebook ne zan ja maka kunne a kai: sashe na 117 na dokar laifuka ya kai mutane kurkuku kan rubutun sukar gwamnati, kai kuwa da biza kake zaune.

Ka taho da rigar sanyi mai kauri, Janairun Hanoi ba wasa. In da hali, a ƙullo mini daddawa.