Tambaya da Amsa: Alat ya shigo, ba mu san mai turowa ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Daga Funtuwa nake rubuto miki a kan mahaifiyarmu. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take sayarwa a cikin gida, ba ta yi boko ba, ni nake duba mata waya idan saƙo ya shigo. Ran nan da yamma sai ga alat na N25,000 a asusunta. Na tambayi yayyena da ke Kaduna da Legas, kowa ya ce ba shi ba ne. Rubutun jikin saƙon haruffa ne a cunkushe da lambobi, ban gane komai ba. Maƙwabciyarmu ta ce kuɗin Tinubu ne, ƙanwarta ma ta samu. Kawunmu kuwa ya ce kada a taɓa, bashi ne, za a zo karɓa da ruwa. Bayan kwana biyu wani ya kira ya ce daga ofishin tallafi na Abuja yake, wai saura N50,000 za a sako mata, amma sai mun karanto masa lambar da za ta shigo wayar. Na ce masa Inna ba ta kusa. Ita dai ta ƙi taɓa kuɗin, ta ce ba ta cin haƙƙin wani. Yaya za mu yi?

Wata mai karatu, Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki gaida min Inna, ki ce mata tsantsenin nan nata ya yi daidai.

Bari in fara da mai kiran, domin nasa ya fi gaggawa. Ɗan damfara ne. Lambar da ya ce za ta shigo wayar ita ce wadda banki ke turowa idan ana ƙoƙarin shiga asusu ko fitar da kuɗi daga cikinsa. Mai son ya turo wa Inna kuɗi ba ya bukatarta ko kaɗan, lambar asusun nan mai lambobi 10 ta ishe shi. Na yi aiki a teburin sauraron kwastomomi a wani banki a Kano, kuma galibin waɗanda suka zo mana da kuka an yashe musu asusu, da bakinsu suka karanta wa ɓarawon lambar. Mutanen nan sun san lokacin da maganar tallafi ke yawo a gari, sai su yi ta kiran lambobi barkatai, wanda tsautsayi ya faɗa wa shi ke nan. Ki toshe lambarsa. Kada a ba kowa BVN, ko lambobin jikin katin ATM, ko lambar sirri ta waya, ko da ya ambaci cikakken sunan Inna da unguwarku.

Sai kuɗin kansu. Kin ce alat kuka gani, to kun duba ko kuɗin suna cikin asusun? Ana ƙirƙirar alat na bogi. Kuma idan layin wayar sabo ne, yana iya zama tsohon layin wani ne da kamfanin waya ya sake sayarwa, saƙonnin bankin wancan mutumin na ci gaba da shigo muku. Ki duba ragowar lambobin asusun da ke jikin saƙon, sannan ki duba balas ta lambar da bankin ya bayar ko a na'urar ATM.

Idan kuɗin suna ciki, ki ɗauki Inna da katin shaidarta ku je reshen bankin. Ba wurin mai POS ba, shi ba ya ganin abin da ke cikin kwamfutar banki. Ku nemi sitatimen na watan, wato takardar shige da ficen kuɗi. Saƙon waya gajere ne, yakan yanke sunan mai turowa, amma a takardar ana ganinsa da tsawonsa. Ki tambayi ma'aikacin abu uku: sunan mai turowa, bankin ko kamfanin da kuɗin suka fito, da lambar shaidar turowar. Idan tiransifa ce ta nan-take tsakanin bankuna, tana da lamba mai lambobi 30 da ake bin sawunta da ita. Ki rubuta su a takarda ki adana. Wani abu da ke rikita mutane shi ne, kuɗin gwamnati ba kasafai suke zuwa da sunan ma'aikata ɓaro-ɓaro ba. Wasu ta Remita, wata kafar biyan kuɗi ta intanet, suke biyowa, wasu ta wani banki ko kamfanin biyan kuɗi da aka ba aikin rabon. Don haka idan kin ga sunan da ba ki sani ba, ki tambaya: wannan asusun mutum ɗaya ne, ko na hukuma ko kamfani mai biyan mutane da yawa a lokaci guda? Ma'aikacin ya sani, musamman idan irin wannan adadi ya shiga asusun mutane da dama a rana ɗaya.

Maganar maƙwabciyarku tana da tushe. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shiri a watan Oktoba na shekarar, na ba magidanta miliyan 15 kuɗi N25,000 sau uku, jimilla N75,000. An dakatar da shi a Janairun 2024, lokacin da aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu, daga baya aka ci gaba bisa sharaɗin tantance masu karɓa da NIN ko BVN. Wannan ya sa biyan bai tafi wata bayan wata ba. Wani ya samu kashin farko ya daɗe bai ga na biyu ba, wani kuma sunansa ya daɗe a rajista sai kwatsam ya ga alat. Sunayen daga rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa ake ɗauko su, wadda ofishin NASSCO ke kula da ita, kuma kowace jiha tana da ofishin da ke tattara nata. Tun zamanin Buhari ake wannan rajista, lokacin da ake ba mata N5,000 a wata, a haɗa musu N10,000 duk wata biyu. Ki tambayi Inna: an taɓa zuwa unguwarku ana rubuta sunaye, ana tambayar yawan 'yan gida da sana'a, ana ɗaukar hoto? Tsofaffi sukan manta, domin tsakanin rubutun da biyan sai a yi shekaru. Mai unguwa zai tuna. A sakatariyar ƙaramar hukuma ma akwai jami'an da ke kula da wannan shiri, ku je ku tambaya, kuma ba a biyan ko sisi don a duba suna.

Amma adadi kaɗai ba hujja ba ne. N25,000 kuɗi ne da kowa zai iya turawa bisa kuskure.

Shi ma Kawu kada ki raina maganarsa, abin da ya faru da mutane yake tunawa. A 2020, lokacin korona, Babban Bankin Najeriya ya fitar da rance ta bankin NIRSAL, jama'a da yawa suka karɓa a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, alhali bashi ne. A shekarar ce kuma aka kawo tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashinsa daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗin mai bashin, ko a wane banki yake. Mutane suka wayi gari an zare musu kuɗi. TraderMoni na N10,000 da aka raba a kasuwanni a 2018 shi ma rance ne. Haka N20,000 da NELFUND, asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, ke tura wa ɗalibai duk wata, za a fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Abin da ya raba su da tallafi shi ne, rancen gwamnati sai an nema, an cike fom, an amince da sharaɗi. N25,000 na shirin tallafin kuwa kyauta ne, ba a mayarwa. Abin da nake jin tsoro shi ne fom ɗin da wani ya cike da sunan Inna. Na ga tsofaffi da yawa da suka miƙa BVN ga wani yaron unguwa da ya ce zai sa su a tallafi, ba su san me ya nema da sunansu ba. Ki tambaye ta wannan a natse, ba cikin mutane ba.

Idan banki ya tabbatar daga shirin tallafi ne, kuma an ga sunanta a rajista, halalinta ne, ta ƙara jari ta sayi gyaɗa hankali kwance. Idan kuwa sunan wani mutum ne da ba ku sani ba, hukuncinsa na tsintuwa ne, kuma cigiyarsa ita ce ku rubuta wa bankin takarda cewa kuɗi sun shigo ba ku san mai su ba, a buga muku hatimi a kwafi ku riƙe. Idan kun kai ƙorafi aka yi mako biyu babu amsa, kuna da damar kai maganar sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Banki.

TAMBAYA: Anti, gyaran waya nake yi a kasuwar Farm Centre a Kano. N50,000 suka shigo min, na ɗauka tallafin masu ƙananan sana'o'i ne domin na taɓa cike fom ta intanet. Da dare wani ya kira yana roƙo, wai kuskure ya yi, kuɗin maganin matarsa ne, in tura masa ta wani asusu daban in riƙe N5,000. Na tausaya masa.

Wani mai karatu, Kano

AMSA: Ƙanena, tausayi abu ne mai kyau, amma kada ka tura. Gaskiya ne a 2024 gwamnatin tarayya ta raba N50,000 kyauta ga masu ƙananan sana'o'i da suka cike fom, saboda haka kuɗin na iya zama naka, mai kiran kuma ya ji labari ne a kasuwa yana son ya raba ka da su. Yana kuma iya zama da gaske wani ne ya turo. Sitatimen zai raba gardama.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka shi ne "wani asusu daban". Wanda ya yi kuskure na gaskiya, asusun da kuɗin suka fito yake so su koma. Masu damfara da masu karɓar kuɗin fansa sukan bi da kuɗi ta asusun bayin Allah don su ɓatar da sawu. Idan wanda aka cuta ya kai ƙara, asusunka za a fara gani, shi za a rufe, kai za a gayyata, kuma N5,000 ɗin da ka riƙe za ta zama shaidar cewa ladan aiki ka karɓa. Ka ce masa ya je bankinsa ya shigar da ƙorafi. Bankinsa zai tuntuɓi naka, naka ya nemi amincewarka a rubuce, a mayar da kuɗin ta hanyar da suka zo. Idan da gaske yake, zai je. Kafin nan kada ka kashe su, domin EFCC ta sha gurfanar da mutanen da suka cinye kuɗin da aka tura musu bisa kuskure.

Ka duba wayarka kuma. Idan ka taɓa sauke manhajar ba da bashi ka sa bayananka, wasunsu sukan turo kuɗi ba a nema ba, bayan 'yan kwanaki su fara kiran 'yan'uwanka suna neman uwar kuɗi da ruwa. Idan sunan irin wannan kamfani ka gani, ka kai ƙara FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ita ke sa ido a kansu.

TAMBAYA: Mahaifinmu tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya rasu wata huɗu da suka wuce. Har yanzu fanshonsa na shiga, a watan jiya ma abin da ya shigo ya fi na kullum. Katinsa na hannun babban wanmu. Mu sa a cikin gado?

Wani mai karatu, Gusau

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Kuɗin nan kashi biyu ne, kuma ba ku ne za ku raba su da ka ba. Ƙarin da kuka gani yana iya zama ariyas, wato kuɗin da yake bin hukuma na watannin da yake raye, wannan haƙƙinsa ne, ya shiga gado. Fanshon watannin bayan rasuwarsa kuwa yana shigowa ne domin hukuma ba ta san ya rasu ba, kuma idan ta gano tana iya neman a mayar ko ta cire daga abin da ya rage za ta biya magada. Ku roƙi Yaya ya ajiye katin, cire kuɗi daga asusun mamaci da katinsa laifi ne ko da ɗansa ne. Ku kai takardar shaidar rasuwa banki, ku kai wa mai biyan fanshon: PTAD, hukumar biyan fanshon tsofaffin ma'aikatan tarayya, idan yana tsohon tsari, ko kamfanin fanshonsa idan yana tsarin adashi da aka fara a 2004. Ku nemi su ba ku lissafi a rubuce, wata-wata, na abin da yake nasa da abin da ya wuce. A nan ne kuma za ku ji ko akwai haƙƙin magada da ba ku san da shi ba. Banki zai nemi takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci kafin ya saki abin da ke asusun, don haka ku fara nemanta tun yanzu, tana ɗaukar lokaci.