Sai wanda aka kashe ne tsarkakakke na gaske?

Tambaya: Malam, ni direban keke ne a Agege. Kakarmu kullum tana cewa tsarkaka na gaske su ne waɗanda aka kashe saboda Almasihu, na bayan nan ba su kai su ba. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwana, ka gaishe mini da kaka. Maganarta tana da tushe, domin Ikilisiyar farko shahidai ta fi tunawa. A daular Rum, ƙin ƙona turare don girmama sarki kan ja wa mutum kisa. Dubi Perpetua a birnin Kartaj, Tunisiya ta yau, a shekarar 203. Shekarunta 22, ga goyo a hannu. Mahaifinta ya zo har kurkuku yana roƙonta ta ji tausayin furfurarsa, ta ƙi janye bakinta. Tare da ita akwai Felisita, baiwa, wadda ta haihu a tsare 'yan kwanaki kafin a sakar musu namun daji.

Irin wannan gwaji ya sake dawowa a Uganda a 1886, lokacin da Sarki Mwanga ya sa aka ƙone Charles Lwanga da sauran yaran fadar sarkin a Namugongo. 'Yan Katolika da 'yan Angilikan wuta ɗaya ta ci su.

Amma inda nake so kaka ta tsaya ta duba shi ne Josephine Bakhita. Ba a kashe ta ba. An sace ta a Darfur tana yarinya, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu, har ta manta sunanta na yanka. Daga baya ta zama sista a Italiya, ta shafe shekaru tana girki da tsaron ƙofa, jikinta cike da tabon bauta, kuma ta yafe wa waɗanda suka yi mata. Ta rasu a 1947, aka sanya ta cikin tsarkaka a 2000. Ni kam ba zan iya cewa shaidarta ta gaza ta Perpetua ba. Ta Perpetua ta cika a filin wasa rana ɗaya, ta Bakhita kuwa kowace safiya sai ta sake ɗaukarta.

Namu Fada Tansi ma, ɗan Aguleri a jihar Anambra, rashin lafiya ce ajalinsa a Ingila a 1964, kuma aka ayyana shi mai albarka, wato matakin da ke gab da shiga cikin tsarkaka, a 1998.

Ranar tunawa da Bakhita 8 ga Fabrairu ce. Ka zauna da kaka ka karanta mata labarin, ka ji abin da za ta ce.