Zafin Ruwan Na'urar Gahawa: A Ina Ya Kamata a Auna Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Italiya ya kawo mini tsarabar ƙaramar na'urar gahawar esfireso, wato gahawa mai kauri da ake tatsa da ruwan zafi mai matsi, irin mai tukunya ɗaya. Gari iri ɗaya nake zubawa kullum, amma yau ta fito da tsami, gobe ta fito da ɗaci kamar maɗaci. Na tsoma ma'aunin zafi na kicin a cikin finjali bayan gahawar ta zubo, sai na ga digiri 68, alhali na ji an ce ya kamata ruwan ya haura digiri 90. Shin na'urar ce ta lalace? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, domin adadin da ka gani ba alamar lalacewa ba ne. Cibiyar esfireso ta ƙasar Italiya ta ƙayyade cewa zafin gahawa a cikin finjali ya kasance digiri 67 a ma'aunin Selshiyos, da sassaucin digiri 3 sama ko ƙasa, saboda haka awonka ya faɗa daidai inda ake so. Abin da ya faru shi ne ka auna ruwan bayan ya gama aikinsa, ya bar wani kaso na zafinsa a cikin gari, da ƙarfen ludayi (wato mariƙin da ake zuba garin a ciki a ɗaura wa na'urar), da iska, da jikin finjali. Zafin da masu sana'ar suke nufi shi ne na ruwan a daidai lokacin da yake sauka a kan gari. Cibiyar ta Italiya ta sa shi a digiri 88 da sassaucin digiri 2, gasar masu haɗa gahawa ta duniya kuma tana saita na'urorinta tsakanin digiri 90.5 da 96. Da yawa daga masu sha a gida suna farawa ne daga 93, su rage kaɗan idan suyar ƙwayar ta yi duhu, su ƙara idan suyar sama-sama ce.

Isa wannan wuri da ma'auni yana da wuya, domin a rufe yake, kuma ruwan yana ƙarƙashin matsi na kusan bar 9, wato kusan ninki tara na matsin iskar da ke kewaye da mu. Saboda haka ne wani injiniya Ba'amurke mai suna Greg Scace ya ƙera ludayi na musamman wanda aka dasa siririyar wayar awon zafi a cikinsa, aka kuma yi masa ɗan ƙanƙanin rami da ke tauye gudun ruwa kamar yadda dannannen gari yake yi. Da shi masu gyara da masu shirya gasa suke gwada na'urori, amma farashinsa ɗaruruwan daloli ne, kuma ban ga dalilin da zai sa mai finjali biyu a rana ya saya ba.

Hanyar da nake ba ka shawara mai araha ce. Ka nemi kofin soso irin na shayin tafi-da-gidanka, ka yanke shi ya gajarta yadda bakinsa zai manne a ƙarƙashin inda ruwa ke fitowa, sannan ka soka tsinken ma'auni mai nuna lamba ta gefensa, kusa da gindi. Ka bar na'urar ta yi aƙalla minti 20 a kunne, ka ɗauraye kofin da ruwan zafi sau ɗaya, sa'annan ka saki ruwa kamar mililita 60, ka rubuta adadi mafi girma da ma'aunin ya nuna. Wannan awo yakan gaza zafin gaskiya da 'yan digirori, domin ruwan da ya fito fili yana hucewa nan take, amma amfaninsa yana cikin maimaitawa: idan ka yi sau biyar a lokuta dabam-dabam, za ka ga ko na'urar tana tsayawa wuri ɗaya ko tana hawa da sauka. Kada ka ɓata kuɗi a kan ma'aunin nan mai kama da bindiga da ake haskawa daga nesa, domin ƙarfe mai sheƙi yana ruɗa shi, tururi ma haka.

Kafin duk wannan, ka gwada ma'aunin kansa a cikin tafasasshen ruwa, kuma a nan garinku yana da tasa magana. Ruwa yana tafasa a digiri 100 ne a bakin teku kawai, kuma kowane hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, saboda haka tukunyarka za ta tafasa a wajen digiri 96. Idan ma'aunin ya nuna haka, lafiyarsa ƙalau. Wannan kuma ya ba ka wata alama ta kyauta: duk lokacin da ka saki ruwa ba tare da ludayi ba, ka ji yana huci yana tartsatsi da tururi, to ya wuce 96, ya yi wa gahawa zafi da yawa.

Tsamin yau da ɗacin gobe, a ganina, daga makunnin zafin tukunyar suke. Ƙananan na'urori masu tukunya ɗaya galibi suna da makunni mai sauƙi wanda yake ba tukunya wuta sai ta kai wani matsayi ya yanke, ba ya sake kunnawa sai ruwan ya huce sosai, kuma tazarar da ke tsakanin nan tana iya kaiwa digiri goma. Wanda ya danna maɓalli a ƙasan wannan zagaye zai sha tsami, domin ruwan bai yi zafin da zai tatso zaƙin garin ba, wanda ya danna a ƙololuwarsa kuma zai sha ɗaci. Maganin ba ya cin ko kwabo. Ka saki ruwa har fitilar na'urar ta nuna an fara ɗumama tukunya, ka jira ta nuna an gama, sannan ka ƙirga daƙiƙoƙi iri ɗaya kullum kafin ka tatsa. Ka fara da daƙiƙa 30, ka auna da kofin soso, ka ɗanɗana, ka ƙara ko ka rage har ka sami inda harshenka ya yarda. Masu son sauƙi sukan sa a ɗaura musu na'urar saita zafi mai suna PID, wadda ke riƙe tukunya cikin digiri ɗaya, sai dai lambar da take nunawa ta tukunya ce, kuma ruwan yakan rasa wasu digirori kafin ya isa gari.

Ka kuma lura da wutar gidanka. Na'urar da aka ƙera don bolt 230, idan wuta ta faɗi zuwa 200, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin ɗumamawarta kawai take samu, don haka tukunya za ta daɗe kafin ta farfaɗo bayan finjalin farko. A ranakun da wuta ta yi rauni ko kake kan janareta, ka ƙara lokacin jira tsakanin finjali da finjali. Idan ka yi makonni biyu kana bin wannan tsari da gari ɗaya, nauyi ɗaya, niƙa ɗaya, amma awon kofin soso bai daina tsalle ba, to makunnin zafin ya gaji, sai ka kai wa mai gyara ya sauya shi, ka kuma roƙe shi ya duba ko gishirin ruwa ya daskare a cikin tukunyar.