Amsa ga mai neman injin zaunar da kan harsashi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana Teksas, kana harbin alama da bindiga mai cin harsashin 6.5 Creedmoor, ka gaji da tsadar harsashin kanti kana son ka riƙa haɗa naka, kana tambaya ko ka sayi ƙaramin injin nan da suke kira abo, ko babba mai ɗaure a tebur. To, ni na daɗe ina wannan harka a garejina, bari in faɗa maka abin da na gani.

Abo aikinsa zaunar da kan harsashi ne a bakin kwanso, wato gwangwanin da ke ɗauke da albarushi, sai kuma matse wuyan kwanson. Ba zai mayar maka da kwanson da aka riga aka harba girmansa na asali ba, don wannan aikin ƙarfi ne. In shi ka fara saya, ka sayi sirdi ba ka da doki. Fara da mai aiki ɗaya-ɗaya, na baƙin ƙarfe, mai jiki a rufe kamar zobe, irin Rock Chucker na RCBS ko Classic Cast na Lee. Yawancin dayi, wato ƙarfen nan mai rami da ake murɗawa a saman injin, zarensu ɗaya ne, 7/8-14, saboda haka na wannan kamfani yakan hau injin wancan.

Na farko da na saya mai araha ne, mai buɗaɗɗen gaba, na ɗaure shi a wani tsohon teburin katako mara kauri. Duk jan hannu sai teburin ya rusuna. Tsawon harsashina ya ƙi zama ɗaya, na yi ta zagin injin, ashe rabin laifin na tebur ne. Da na sa katako mai kauri na ɗaure da kusoshi masu noti, rigima ta ragu. Sauran rabin kuma na dayi ne: ƙarfen da ke danna kan bai dace da kai mai dogon tsini ba, yana barin wani siririn zobe kusa da tsinin kowane harsashi. Sai ka kai shi ga haske ka juya kafin ka gan shi. Na canza wannan ɗan ƙarfen kawai, zoben ya ɓace.

Shi ya sa nake cewa kuɗinka ya fi amfani a dayi fiye da a inji. Nemi mai lamba a ka, wanda ake murɗawa da ma'auni, irin na Redding ko Forster, masu wani bututu a ciki da ke riƙe kwanso a miƙe kafin kan ya shiga. Kuma ka riƙa awo daga kafaɗar kan harsashin, wato inda ya fara sirancewa, don tsini yakan bambanta ko a kwali ɗaya.

In aljihu da nauyi, injin Co-Ax na Forster abin so ne. Dayi zura shi ake yi ba murɗawa ba, kuma yana da ɗan sakin da ke barin kwanso ya daidaita kansa. Injin Dillon 550 kuwa, mai tasha huɗu kowace da aikinta, na mai harba ɗaruruwa a mako ne. Sabon shiga da ke lura da tasha huɗu a lokaci guda, nan ne ake tsallake albarushi ko a ninka shi, Allah ya kiyaye.

Ban raina abo ba, yanzu ma shi nake amfani da shi da dayin L.E. Wilson. Daɗinsa a hannu yake: kana ji lokacin da wuyan wani kwanso ya matse fiye da 'yan'uwansa, ko ya yi sako-sako, sai ka ware shi gefe. Amma wannan na shekara ta biyu ne ko ta uku.

Abu biyu kuma. Awon albarushi da tsawon harsashi daga littafin masu ƙera kayan za ka ɗauka, na Hornady ko Lyman, ba daga bakina ko na wani a nan ba. Sannan duba dokar jiharka, kuma kada ko kwanso ɗaya ya shiga jakar tafiya gida; a Najeriya haɗa harsashi ba lasisi laifi ne babba.

Ka turo hoton teburin naka mu gani kafin ka biya kuɗin komai.