Ga ɗan'uwan da ciwon kai ke tashinsa ƙarfe biyun dare

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Ka ce mako uku ke nan kusan kullum wajen ƙarfe biyun dare ciwo ke tashinka daga barci, a bayan idon dama kaɗai. Idon ya kaɗa ya yi ja yana zubar da hawaye, hancin wannan gefen ya toshe, ka yi ta zagaye tsakar gida har kusan awa guda, sannan ya sake ka kamar ba a yi ba. An yi maka maganin maleriya da taifod ba canji. Yanzu wasu na cewa a cire haƙori, wasu na cewa iska ce. Kana tambaya ko akwai wanda ya taɓa irin wannan, kuma wane likita za ka gani.

Akwai, ga ni nan. Shekaru da dama ina tare da shi, a idon hagu. Ni ba likita ba ne, kuma ba mai iya tabbatar maka da cuta ta rubutu, amma abin da ka zayyana ya yi kama ƙwarai da wanda likitoci ke kira ciwon kan kilasta, da Turanci cluster headache. Ka riƙe sunan, zai yi maka amfani a asibiti.

Gefe ɗaya yake kamawa, a ido ko bayansa ko gefen goshi. Idan ya taso yakan ɗauki minti 15 zuwa awa 3. Wani sau ɗaya yake zuwar masa a kwana biyu, wani har sau takwas a yini. Yakan yi makonni ko 'yan watanni yana zuwa a jere, wannan shi nake kira zango, sai ya ɗauke ƙaf na watanni ko shekaru, sannan ya dawo, sau da yawa a irin lokacin da ya zo bara. Akwai kaɗan da ba ya ba su wannan hutun. Yana samun kamar mutum ɗaya cikin dubu, ya fi kama maza, kuma ya fi farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40. Mata ma suna yin sa, su ne ma aka fi daɗewa ba a gane nasu ba. Zafinsa kuwa, ni dai abin da nake ce wa mutane shi ne kamar an gasa ƙusa ta yi ja an soka ta bayan ido ana juyawa.

Babban abin da ya raba shi da ciwon ɓarin kai da aka sani shi ne wannan zagayen da ka ce kana yi. Mai ɓarin kai ɗaki mai duhu yake nema ya kwanta shiru, ko motsi ba ya so, kuma nasa yakan kai awa 4 har kwana 3. Mu kuwa kwanciya ba ta yiwuwa. Mutum ya tashi, ya zauna, ya durƙusa, ya dafe ido, ya yi ta kai-kawo, wani har buga kai yake yi a bango. Idan ka je gaban likita kada ka bar wannan a baya don kana jin nauyi. Yana cikin manyan alamomin da ake gane ciwon da su.

Zuwan da yake yi a kan lokaci shi ke tsorata mutanen gida, kuma ban ga laifinsu ba. Ciwon da ya san ƙarfe biyun dare, ya zo ya tafi ba zazzaɓi, da safe mutum garau, dole a kawo zancen iska ko sammu. Amma akwai dalili a jiki. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai riƙe da agogon jiki, shi ke tsara barci da farkawa. A 1998 masu bincike a Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo yana tsaka da cinsu, suka ga wannan yankin ne ke motsawa. Zafin kuma yana bi ne ta babbar jijiyar fuska mai rassa uku, wadda ta kai ga ido da hanci da muƙamuƙi. Shi ya sa haƙoran sama ke amsawa har a ɗora musu laifi. Don Allah kada ka yarda a cire maka haƙori sai likitan haƙori ya duba ya nuna maka ainihin ruɓa. Mutane da yawa sun rasa lafiyayyun haƙora a kan wannan, ciwon kuma bai fasa zuwa ba.

Addu'a da karatu ba wanda zai hana ka, ni ma da su nake kwana. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne hayaƙi da tsaga. Ƙamshi mai ƙarfi na iya tayar da ciwon a lokacin da kake cikin zangonsa, to ka ga a lulluɓe ka da bargo a kan kasko ƙarin azaba ne. Ni a farkon lamarin iyayena sun sa an yi min ƙaho a ƙeya da tsaga a gefen ido, tabon na nan har yau, kuma cikin ƙauna suka yi. Da zangon ya ƙare don kansa sai aka ce tsagar ce ta yi aiki. Haka ciwon nan yake ruɗar mutane: duk abin da aka yi na ƙarshe kafin ya ɗauke shi ke samun yabo, sai ya dawo a sake komawa can.

Yanzu zancen asibiti, wanda shi ya fi damuna a kanka. Babu gwajin jini da ke nuna wannan ciwo. Labarinka ne gwajin. Matsalar kuwa ita ce kai da dare kake shan wuya, likita kuma da hantsi zai gan ka, ka yi wanka ka sa kaya, ido fari tas, awon jini lafiya. Idan ka ce masa "ciwon kai nake yi mai tsanani" kawai, da farasitamol za ka fito. Saboda haka daga daren yau ka sami ƙaramin littafi. Duk tasowa ka rubuta ranar, ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya sake ka, wane gefe, me ido da hanci suka yi, ko fatar idon ta sauko, ko goshi ya yi gumi, me ka sha kuma ya yi aiki ko bai yi ba. Sannan ka sa wani na gida ya ɗauki fuskarka a waya lokacin da ciwon ke kanka, ko na minti ɗaya ne, da fitila a kunne yadda za a ga bambancin idanun biyu. Na san ba daɗi a ɗauki babban mutum yana kuka. Amma likitar da ta gano nawa, tana gama kallon abin da iyalina ta ɗauka ta buɗe littafin, ta bi sa'o'in da yatsa, ta yi min 'yan tambayoyi, ta faɗi sunan ciwon. Kafin ranar na yi shekaru ina yawon kemis da ƙananan asibitoci.

Wanda kake nema shi ne likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ba likitan taɓin hankali ba ne, ka bayyana wa mutanen gida don kada hankalinsu ya tashi. Ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da na Jos, da na Maiduguri. Ka fara ganin likitan da ke duba kowa, ka nuna masa littafin, ka roƙi takardar turawa. Idan ranar da aka ba ka ta yi nisa, ka faɗa a fili cewa yanzu kake cikin ciwon, kullum yake zuwa, ko akwai abin da za a fara maka kafin ranar. Mai yiwuwa a ce ka yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Idan da hali ka yi, domin akwai wasu larurori, kamar ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa, da kan zo da irin wannan kama, gara a kawar da shakku. Idan hoton ya fito lafiya, haka ake sa rai a ciwon kilasta, ba ya nufin ƙarya kake yi. Ka kuma sa a auna maka hawan jinin ido.

Akwai yanayin da ba a jiran wata takarda. Idan ciwon kai ya faɗo lokaci guda ya kai ƙarshen zafi cikin minti ɗaya, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko hannu ko ƙafa ya mutu, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko gani ya dushe, ko farfaɗiya, a wuce da kai sashen gaggawa a lokacin. Mu da muka san sanƙarau ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Magani akwai, kuma ba shi ne wanda ake miƙo maka a kemis ba. Farasitamol da sauran ƙwayoyin kashe zafi ba sa taɓa shi. Kafin su narke su shiga jini ciwon ya gama abin da zai yi. Tiramol da kodin da allurar kashe zafi da ake yi wa mutane a kemis cikin dare su ne mafi haɗari, domin ciwon ba zai fasa ba, kai kuma jiki ya saba, ka ƙare da cuta biyu. Na ga wanda ya faɗa wannan ramin, har yau iyalinsa na fama.

Abin da ya canza min rayuwa shi ne iskar oksijin. Ana shaƙarta zalla, lita 12 zuwa 15 a minti, ta irin takunkumin nan mai jaka a ƙasa, na minti 15 zuwa 20, kana zaune ka ɗan sunkuya gaba, kuma da zarar ciwon ya fara motsi. Wani gwaji da aka yi a Landan aka buga a 2009 ya nuna cikin kowace tasowa 100 da aka yi wa oksijin, 78 sun lafa cikin minti 15, waɗanda aka yi wa da iskar da muke shaƙa kullum kuwa 20. Ba kowa take yi wa ba, amma tana yi wa mafi yawa. Ka lura da abu biyu da ke sa mutane su ce sun gwada ba ta yi ba. Siririn bututun hanci da ake sa wa marasa lafiya a gado ba ya isa. Injin nan na lantarki mai tace oksijin daga iska kuma yawancinsa lita 5 yake bayarwa, shi ma ya yi kaɗan. Tukunyar asibiti ake buƙata da kan daidaita iska da ke kaiwa lita 15. Ka yi lissafi: lita 15 na minti 15 ya kama lita 225 a zama ɗaya, ƙaramar tukunya ba za ta kai ka ko'ina ba. Likita ne zai rubuta maka, musamman idan kana da ciwon huhu. Kuma inda tukunyar take ba sigari, ba risho, ba garwashin turare.

Akwai allurar ƙarƙashin fata, a jikin kwalinta an rubuta sumatriptan, miligiram 6, takan kashe ciwon cikin kamar minti 15. Ba a wuce biyu a awa 24, kuma ba a ba mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba. Ni na sha wuyar samunta kuma tana da tsada. Akwai na fesawa a hanci. Ƙwayarsa ta haɗiya kuwa jinkirinta ya yi yawa ga irin namu.

Waɗancan na kashe wutar da ta riga ta kama ne. Na hana ta tasowa shi ne verapamil, wanda asalinsa maganin zuciya ne da hawan jini, kada ka yi mamaki idan mai ba da magani ya tambaye ka ko hawan jini gare ka. Ana ƙara shi ne a hankali, kuma dole a yi maka awon bugun zuciya na ECG kafin a fara da duk lokacin da za a ƙara, domin yana iya rage bugun. Yakan ɗauki mako biyu ko fiye kafin ka ga aikinsa, shi ya sa likita kan haɗa da prednisolone na ɗan gajeren lokaci, ko allura a jijiyar ƙeya, su riƙe ka kafin nan. Kada ka saye su da kanka don ka ga na rubuta sunayensu. Na rubuta ne don ka san abin da za ka tambaya.

Cikin zangon ka nisanci warin fetur da fenti da turare mai ƙarfi, ka riƙe lokacin kwanciya guda, ni har barcin rana yana tayar min da shi. Giya tana tayar da shi nan take ga mai sha. Idan ya kama ka kana tuƙi ko a kan babur, ka gangara gefe ka tsaya.

Sai iyali. Ka zaunar da su da rana, lokacin da kake lafiya, ka gaya musu abin da kake so su yi. A gidana mun daidaita: idan ta ji na tashi, ba ta tambayata komai, ba ta riƙe ni. Ta buɗe min ƙofa, ta jawo tukunyar, ta ɗauko ƙanƙara a leda ta ajiye kusa, ta ja yara ɗaki, ta zauna daga nesa inda zan gan ta. Kafin mu yi wannan maganar takan rungume ni tana kuka ni kuma ina ture ta, da safe kowa zuciya ba daɗi.

Akwai maganar da ba a son yi, amma zan yi maka ita don na san daren nan. Zafin yakan kai mutum ya ji gara mutuwa. Mutane masu imani da hankali sun ji haka, ba kai kaɗai ba ne idan ya zo maka. Kada ka ɓoye. Ka gaya wa wanda ka yarda da shi yau, ka gaya wa likita, kuma a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunka zai kai cikin dare. Tasowar tana ƙarewa, zangon ma yana ƙarewa ga mafi yawanmu.

Idan Allah ya sa ya ɗauke, kada ka yanke magani da kanka, likita zai nuna maka yadda za a janye shi. Ka roƙe shi ya rubuta maka takarda mai ɗauke da sunan ciwon da abin da ya yi maka aiki, ka adana ta da littafin. Ita za ka nuna a wurin aiki, ita za ka miƙa a sashen gaggawa idan kana neman a sa maka oksijin cikin dare, kuma ranar da ka fara jin ɗan tsikarin nan a bayan ido bayan dogon hutu, da ita za ka koma asibiti tun bai yi ƙarfi ba. Idan zangon ya faɗo cikin azumi, ka tambayi likita yadda za a tsara shan maganin, ka kuma tambayi malami a kan rangwamen marar lafiya.

Allah ya ba ka lafiya. Idan ka ga likitan ka sanar da mu abin da ya ce.